Baƙin Gari a Tafin Hannu

A bayan kududdufin kuza, can gangaren Zawan,
inda ƙasa ja ce tun zamanin haƙa,
nan na dasa wa shanuna ciyawa,
kunya goma sha ɗaya, da ƙafata na auna.

Davou Chollom ne ya ba ni karan iri,
dami guda, ɗaure a bayan babur.
Ya ce, "Tanimu, dasa wannan
ka huta da bin gefen titi da lauje."
Ko sisi bai karɓa ba.
Ƙwaryar nono na miƙa masa, ya shanye a tsaye.

Damina biyu tana wuce kaina.
In yanka ta tofo, in yanka ta tofo.
Kyalla ta murje har ƙashin kwankwasonta ya ɓuya,
Lantana na kai madara Bukuru galan biyu,
kuɗin makarantar Auta daga nan yake fita.

A ta uku sai ta fid da kai ba lokacinta ba.
Kara siriri kamar tsinken tsire,
ganye ƙanana cunkushe a gindi,
kan kuwa baƙi.
Na murza shi a tafina,
ya bar mini gari irin na bayan tukunya.
Burtuntuna!
A dawa na san ta tun ina bin babana gona,
ban san tana kwana a ciyawa ba.

Na barbaɗa toka.
Na juye kashin kaji buhu biyu,
na ce ko yunwa ce ke damunta.
Kafin sati ya zagayo
baƙin ya tsallaka kunya ta huɗu.

Ran Laraba malamar gona ta zo
da takalmin roba, littafi a hammata.
Ta tsuguna, ta tumɓuke gindi ɗaya,
ta daɗe tana juya shi.
"Ina ka samo iri?"
Na dubi duwatsu. Na dubi Kyalla.
Da wane baki zan kira sunan mai kyauta?

Ta ce, "Ba mai laifi nake nema ba, sawu nake bi.
Cutar nan cikin kara take tafiya,
iska kuma na raba garinta gona-gona.
Wadda ta kamu, cire ta har saiwa
tun kan bai gama fashewa ba.
Ban da juji, ban da bakin shanu. Wuta.
Wanke laujenka kafin ya taɓa mai lafiya.
Wurin kuma a bar shi ya numfasa,
sa wake ko gyaɗa, harawa ma abinci ce."

Daren nan ruwa ya kwana dukan kwano,
ni na kwana ƙirgen kunya.

Da sassafe na nufi wajen Davou
da magana a bakina mai nauyin dutsen niƙa.
Na same shi tsakiyar tasa gonar,
sanyi na busawa, ko hula babu.
Bai gaishe ni ba.
Tafinsa biyu kawai ya buɗe, baƙi ƙirin.
Na buɗe nawa.

Tasa muka fara cirewa, don ta fi kamuwa.
Jiƙaƙƙiyar ciyawa ba ta son wuta,
sai da muka haɗa da kananzir da haƙuri.
Hayaƙi ya kwanta a kan kududdufi har la'asar.

Kunya bakwai suka rage mini.
Kyalla na cin dusa tana harara ta,
Lantana ta koma galan ɗaya.
Malama ta ce akwai iri mai juriya, za ta nemo mana,
mun rubuta suna, Davou a sama, ni a ƙasa.

Waken ya fara yaɗo inda aka yi ƙuna.
Kullum kafin in ɗauki lauje
sai na bi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya,
in shafa, in juya hannuna, in duba.
Yau ma raɓa ce kawai.